Ruwan tankina garai-garai yake, amma kifayena suna mutuwa: wace matata zan saya?

"Assalamu alaikum Malam. Wata 2 ke nan da na sayi tankin gilashi mai cin lita 60, na zuba kifin gwal guda 5 a ciki. Tankin ya zo da 'yar matata, wato na'urar tace ruwa, da ake maƙalawa daga ciki. Ba na wasa da tsafta: duk mako nakan ciro sosonta in wanke shi tas a bakin famfo, sau biyu kuma na jefar da katirij ɗinta, wato kunshin kayan tacewar da ake zarewa a canza, na sa sabo. Ruwan garai-garai yake, amma kifi 3 sun mutu, biyun da suka rage kullum suna can sama suna haki. Ko matatar ce ta yi ƙanƙanta? Wace iri zan saya, kuma yaya ake amfani da ita?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na taya ka jin zafin wannan asara, domin wanda bai taɓa kiwon kifi ba ba zai san yadda gaba ke faɗuwa ba idan ka tashi da safe ka tarar da wanda kake ba abinci da hannunka ya kife, ciki a sama. Tambayarka kashi biyu ce: kana so ka san ko matatar da ke hannunka ta gaza, kana kuma so a zaɓa maka wata. Zan amsa duka, amma bari in fara da abin da na fi zargi, tun da shi ne zai ceci biyun da suka rage. Bisa bayanin da ka yi, wankin da kake yi wa matatar ne ke kashe maka kifi. Ko ka sayo wadda ta ninka ta sau goma, in dai za ka ci gaba da kai sosonta bakin famfo duk mako, abin da ya faru zai sake faruwa.

Abin da ido ba ya gani a cikin ruwa

Kifi dabba ne da yake numfashi a cikin ruwan da yake yin bayan gida. Kashin da kake gani yana reto a bayansa mai sauƙi ne. Abin tsoron shi ne amoniya, wadda mafi yawanta ke fita ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Ragowar abincin da ya nutse cikin tsakuwa da ganyen da ya ruɓe suna ƙara ta. A kogi ko tafki yawan ruwa ne ke tsarma ta. A cikin lita 60 babu inda za ta je. Kuma ba ta da launi, ba ta gurɓata ruwa yadda ido zai gani, shi ya sa ruwa zai iya zama kamar gilashi alhali yana ƙona kifin da ke cikinsa.

Abin da ke raba kifi da wannan guba ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani. Rukuni na farko suna cin amoniya su mayar da ita naitirayit, wadda za ka ga an rubuta NO2 a jikin kayan gwajin ruwa. Ita ma guba ce. Rukuni na biyu suna cin NO2 ɗin su mayar da ita naitiret, wato NO3, wadda kifi ke iya jure wa madaidaicin adadinta, ita ce kuma muke ragewa da canjin ruwa. Masanin nan ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya fayyace aikin waɗannan halittu tun wajajen 1890. An daɗe littattafan kiwon kifi suna cewa Nitrosomonas da Nitrobacter ne ke wannan aiki a tanki, sai a 1998 binciken Timothy Hovanec da abokan aikinsa ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi Nitrospira ne ke kan gaba wajen cin NO2. A 2015 ma aka gano cewa wasu daga cikin Nitrospira suna iya yin aikin biyu su kaɗai. Sunayen ba su ne za su raya maka kifi ba, amma halayensu guda uku dole ka riƙe su.

Na farko, ba sa yawo a cikin ruwa. Manne wa abu suke yi: ramukan soso, zobban tangaran da ake zubawa a matata, tsakuwa, jikin gilashi, su yi wani siririn yauƙi su zauna a ciki. Inda suka fi taruwa shi ne inda ruwa ke wucewa ba tsayawa yana kawo musu abinci da iskar oksijin, wato cikin matata. Na biyu, ba sa rayuwa sai da oksijin. Na uku, kuma shi ne ya fi shafar ka, haihuwarsu a hankali take. Wasu bakteriyan kan ninka yawansu cikin ƙasa da awa ɗaya, su kuwa waɗannan sai su kwashe kusan yini guda kafin ɗaya ta zama biyu. Shi ya sa sabon tanki ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su cika yadda za su iya ɗaukar nauyin kifi.

To, dubi abin da ke faruwa a wurinka. Mako guda suna ta ƙoƙarin kafuwa a cikin soso, ranar wanki ta zo ka kai su ƙarƙashin ruwan famfo, wanda hukumomin ruwa ke zuba wa kulorin musamman don ya kashe bakteriya. Ka murje, ka matse, ka mayar da soso fes, babu kowa a ciki. Ranar da ka jefar da katirij kuwa, gidan gaba ɗaya ka jefar da mutanen cikinsa. Wata 2 tankinka yana ruwa, amma a wajen waɗannan halittu kullum yana makon farko. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Ba laifinka ba ne kai kaɗai, don sau da yawa a jikin kwalin matatar ne ake rubuta cewa a canza katirij duk wata, ba tare da an yi wa mai saye bayanin abin da ke zaune a ciki ba. Na ga mutane masu yawa da wannan umarni ya janyo musu asara, kuma yawanci masu himma ne, waɗanda suka fi kowa son kifinsu.

Hakin da kake gani ya dace da wannan. Amoniya tana ƙona gaɓoɓin numfashi, su kumbura su yi ja. NO2 kuma tana shiga jini ta ɓata sinadarin da ke ɗaukar oksijin, har jinin ya koma ruwan ƙasa, sai kifi ya shaƙe ko da ruwan cike yake da iska. Shi ya sa yake hawa sama yana buɗe baki. Zafi yana ƙara dagula lamarin: ruwa mai zafin digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa kusan 7.5 ne. Haka kuma ƙarfin gubar amoniya yana bin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu. A digiri 25, idan pH yana 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na amoniyar ne ke cikin sigar da ke cutarwa. Idan ya kai 8, sai ya zama kusan kashi 5. Adadi ɗaya a takardar gwaji zai iya zama da sauƙi a tankin wani, ya zama ajali a tankin wani.

Abin da za ka yi tun daga yau

Ka bar soson nan ya huta. Kada ka wanke shi, kada ka canza komai a cikin matatar, kada kuma ka kashe ta da dare don ƙararta ko don tattalin wuta. Yau ɗin nan ka zuƙe rabin ruwan tankin da tiyo, ka mayar da sabo wanda zafinsa ya yi daidai da na ciki, wanda kuma ka riga ka ɗiga wa maganin kashe kulorin tun yana bokiti. Wasu kan ce a ajiye ruwa ya kwana kulorin zai tashi. Gaskiya ne idan kulorin zalla ne, amma wurare da yawa kuloramin, wato kulorin da aka haɗa da amoniya, ake sa wa ruwa, shi kuwa ba ya tashi da kwana ɗaya, don haka maganin ya fi tabbas.

Ka nemi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo a 'yar kwalba ya fi na tsinken takarda nuna gaskiya. Abu huɗu za ka auna: amoniya, NO2, NO3 da pH. A tankin da ya daidaita, amoniya sifili ce, NO2 sifili ce, NO3 kuma tana ƙasa da miligiram 40 a lita, in ta tsaya wajen 20 ya fi. Duk ranar da ka ga amoniya ko NO2 ta kai miligiram 0.5 a lita, ka sake canza kashi 30 zuwa 50 na ruwan, ko da kullum ne. Canjin ruwa ba ya kwashe bakteriyan, tun da a manne suke. Ka rage abinci ƙwarai, ɗan kaɗan sau ɗaya a kwana biyu ya ishe su a wannan hali. Lafiyayyen kifin gwal ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu, amma duk ƙwayar abincin da ka jefa amoniya ce gobe. Idan NO2 ce ta yi yawa, gishiri zalla gram 1 a kowace lita yana rage shigarta jini, kifin gwal kuma yana jure shi. Kada ka ƙara ko kifi ɗaya sai ka ga sifili biyun nan sun tsaya cak na tsawon mako guda.

Akwai gajeriyar hanya guda da na yarda da ita. Idan ka san wani mai tanki da ya daɗe, kifinsa lafiya lau, ka roƙe shi yankin tsohon sosonsa, ka ɗauko shi a jiƙe cikin ruwan tankinsa, ka cusa a matatarka cikin awa ɗaya ko biyu. Ni da kaina kullum ina da soso na ajiya yana aiki a kusurwar wani tanki saboda irin wannan rana. Da shi tankin da zai ɗauki mako 6 yakan daidaita cikin kwanaki. Bakteriyan kwalba da ake sayarwa wasu suna aiki, wasu sun mutu tun a kan kanta saboda zafi ko daɗewa, don haka ko ka zuba su kada ka daina gwaji.

Sauran ayyukan matata

Tace datti, wato kama abin da ke yawo a ruwa, shi ne aikin da kowa ya sani, shi ne kuma ya ba ka ruwa garai-garai. Abin lura kawai shi ne dattin da soso ya kama bai bar tankin ba, yana nan yana ruɓewa har ranar da ka fitar da shi. Idan matatarka mai hawa-hawa ce, ruwa ya fara ratsa soso mai manyan ramuka, sannan mai ƙanana, sannan ya isa ga zobban tangaran, don kada laka ta toshe su. Farar audugar roba da ake sawa don ta kama ƙura ita kaɗai ce nake jefarwa in ta yi baƙi, don ba a kanta na dogara ba.

Sai gawayin da aka sarrafa, baƙin garin nan da ke cikin yawancin katirij. Yana tsotse wari, da launin shayi da itace ke saki a ruwa, da ragowar magani. Amoniya kuwa ba ya yi mata wani abin kirki. Bayan 'yan makonni yakan cika ya daina aiki, wannan ne ma hujjar masu cewa a canza katirij. A ganina tankin gida mai lafiya ba ya bukatar gawayi kullum. Ina sa shi ne na kwanaki bayan na gama yi wa kifi magani, in cire. Kuma ka tuna, duk ranar da za ka zuba magani, ka fara cire gawayi, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Akwai kuma farin dutsen ziyolait da ke kama amoniya. Yana da amfani a gaggawa, amma kada ka haɗa shi da gishiri, don gishiri na sa ya saki abin da ya kama. Shawarata game da katirij ita ce ka daina sayensa. Ka yanko soso daidai ramin ka cusa, zai yi maka shekaru.

Wace iri za ka saya

Matatar soso ita ce mafi sauƙi: dunƙulen soso ne a ƙasan tanki, ƙaramin injin iska a waje yana hura kumfa ta siririn tiyo, kumfar tana tashi tana jan ruwa ta cikin soson. Ba ta da abin lalacewa a cikin ruwa, tana ba da iska, ba ta tsotse 'ya'yan kifi ko ƙananan jatan lande, wutar da take ci kaɗan ce. Aibinta biyu: ba ta da kyan gani, kuma ba ta share ƙurar ruwa sosai kamar masu inji. Masu hayayyafar kifi da ke da tankuna barkatai kusan duk da ita suke aiki, ni ma ita nake fara ba duk wanda ya zo koyo. Idan ka saye ta, kada ka manta da ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya, ko kuma ka ɗora injin sama da bakin ruwa. In ba haka ba, ranar da wuta ta ɗauke ruwa zai iya biyo tiyon ya sauko cikin injin da kan daɓe.

Ta ciki mai inji, irin taka, ba ta da laifi a tanki ƙarami, sai dai sosonta kan yi kaɗan, tana kuma cin wuri. Wadda ake ratayawa a bayan gilashi tana jan ruwa ta bututu ta zubo shi kamar ƙaramin magangari. Tana da sauƙin buɗewa, zubowar ruwan kuma na motsa saman tanki, wanda ta nan ne oksijin ke shiga. Ka sa wa bakin bututunta guntun soso, ka kuma lura wasu ba sa iya jan ruwa da kansu bayan wuta ta dawo sai an cika su.

Mai tulu, wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tanki da tiyo biyu, ita ce ta fi ɗaukar kaya, ta fi shiru, ta fi dacewa da tanki daga lita 150 zuwa sama. Ga lita 60 ɓarnar kuɗi ce, kuma tana da wani haɗari da zan zo kansa. Ta ƙarƙashin tsakuwa tsohon yayi ce. Tana aiki, amma laka na taruwa a ƙasan farantinta, fitar da ita kuma sai an tayar da tankin duka. Ba na ba sabon shiga shawarar ta.

Game da ƙarfi, abin da aka saba bi shi ne matata ta juya ruwan tanki sau 4 zuwa 6 a awa, ga masu yawan datti irin kifin gwal har sau 8 zuwa 10. Ga lita 60 ke nan kana neman lita 250 zuwa 350 a awa ga kifi na yau da kullum, wajen 500 ga naka. Lambar da ke jikin kwali yawanci an auna ta ne matatar tana fanko, babu soso babu datti, don haka abin da za ka samu a gida zai gaza haka sosai. Ka sayi wadda ta ɗara bukatarka, musamman mai maɓallin rage gudu. Amma ni girman soso na fi dubawa kafin lambar gudu. Ƙaramar matata mai tsananin feshi da soso kamar akwatin ashana ba ta kai mai matsakaicin gudu da soso cike da tafin hannu biyu ba. Kifin kansa zai gaya maka idan gudun ya yi yawa: za ka ga yana fama, ruwa na tura shi gefe, ko ya laɓe a kusurwa ɗaya ba ya fita. Masu dogayen fikafikai irin beta da kifin gwal mai tumbi da baza wutsiya ba sa son igiyar ruwa mai ƙarfi. Sai ka juya bakin feshin ya bugi gilashi.

A taƙaice ga naka tankin: ka bar wadda kake da ita tana aiki, ka ƙara matatar soso babba a ɗaya kusurwar. Biyu sun fi ɗaya, domin kana iya taɓa guda ka bar guda, in ɗaya ta tsaya kuma ɗayar na riƙe da tankin. Duk ranar da ka yi niyyar maye gurbin tsohuwa da sabuwa, ka bar su su yi aiki tare na mako 4 zuwa 6, ko ka kwashe tsohon soson ka zuba cikin sabuwar.

Akwai wata gaskiya da ba zan ɓoye maka ba. Kifin gwal 5 sun fi ƙarfin lita 60, ko da wace matata. Mai sayarwa yana nuna maka su suna kamar ɗan yatsa, amma irin mai doguwar jiki yakan kai santimita 20 zuwa 30, yana kuma iya wuce shekara 10 a raye idan ya samu kulawa. Ga ci, ga tonon tsakuwa, ga kashi. Biyun da suka rage ma nan gaba za su nemi tankin da ya haura lita 100. Matata tana sarrafa guba ne, ba ta ƙara faɗin gida. Idan ba ka da wurin babban tanki, lita 60 za ta yi kyau ƙwarai da garken ƙananan kifaye irin gofi ko tetira.

Yadda ake wanke ta

Ba kalanda ke sa in wanke matata ba, gudun ruwa ne. Idan na ga feshin ya yi sanyi, ko kumfa ta ragu, lokaci ya yi. A yawancin tankunana hakan kan kama mako 2 zuwa 4, mai tulu kuwa takan yi wata 2 ko 3. Ranar canjin ruwa nake yi. Na fara zare filogin matata da na hita, wato na'urar ɗumama ruwa, daga soket kafin hannuna ya taɓa ruwa. In zuƙo ruwan tanki rabin bokiti, in ciro soso a hankali da roba a ƙarƙashinsa don kada lakar ta zube ciki, in tsoma shi a bokitin in matsa sau uku ko huɗu. Ruwan zai koma kamar na kududdufi, baƙi-baƙi mai kauri. Ka kai hanci kusa: lafiyayyen soso ƙamshin ƙasa yake yi, irin na bayan an yi yayyafi. Da na ga ramukan sun buɗe, ruwa na ratsawa, na tsaya. Soson yana komawa ne da launinsa na ƙasa-ƙasa da ɗan santsinsa, kuma haka ake so. Zobban tangaran girgiza su kawai nake yi a cikin ruwan. Babu sabulu, babu ruwan zafi, babu barin su su bushe a iska. Sai in buɗe inda 'yar farfelar injin take, in zare ta, in goge yauƙi da gashin da ya naɗe ta da ƙaramin buroshi. Da yawa daga cikin matatun da ake cewa sun mutu wannan ce kawai matsalarsu. Idan soso ya tsufa har ya fara marmashewa, raba shi biyu nake yi, in canza rabi yanzu, rabi bayan wata guda. Igiyar wuta kuma ka bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi ƙasa maimakon ya shiga wuta.

Ɗaukewar wuta ita ce haɗarin da na ce zan dawo kansa. Na taɓa yin tafiya na bar tanki mai lita 200 da matata mai tulu. Wuta ta ɗauke fiye da yini, ta dawo ba na nan, injin ya tashi da kansa ya juye abin da ke cikin tulun cikin tanki. Da na buɗe murfin, warin ruɓaɓɓen ƙwai ne ya tare ni. Tulu rufaffe ne, oksijin ɗin cikinsa kan ƙare cikin 'yan awoyi, lakar ta fara ruɓa ba iska. Na rasa kifaye da na yi shekaru ina reno, abin kuma ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar, idan wuta ta wuce awa 2 ko 3, nakan zare filogin mai tulu, in kwaso kayan cikinta in zuba a tanki ko a buɗaɗɗen bokiti da ruwan tanki, kafin in sake kunna ta kuma sai na zubar da ruwan da ya kwanta a ciki. Ina kuma ajiye ƙaramin injin iska mai batir. Wannan wani dalili ne da ya sa nake son matatar soso: a cikin tanki take a buɗe, da injin batir kuma tana ci gaba da aikinta kamar ba abin da ya faru. Idan babu ko ɗaya, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana zubo shi daga sama lokaci-lokaci, kada kuma ka ba da abinci sai wuta ta dawo.

Ko bayan komai ya daidaita, canjin ruwa yana nan: kashi 25 zuwa 30 duk mako, kana zuƙe lakar cikin tsakuwa da tiyo. Matata ba ta fitar da NO3, tara ta take yi. Kuma bakteriyan suna cinye sinadarin kabonet da ke riƙe pH, wanda ake aunawa da sunan KH. Idan an daɗe ba a sa sabon ruwa ba, sai pH ya rufto, in ya sauka wajen 6 aikinsu ya yi rauni, amoniya ta dawo a tankin da ya shekara lafiya. Ƙara ruwa a kan wanda ya tashi da zafi ba canji ba ne, don ruwa ne kawai ke tashi, abin da ya narke a ciki yana nan. Tsirrai masu rai suna taimakawa wajen shan amoniya da NO3, sai dai kifin gwal yakan cinye masu taushin ganye. Idan kuma a kwanakin nan ka ga ruwan ya yi fari-fari kamar hazo, kada ka firgita ka koma wanki. Wasu bakteriya ne masu saurin haihuwa suka yi yawa, sukan lafa da kansu cikin kwanaki, kai dai ka ƙara iska.

Duk abin da na faɗa a kan tankin ruwan daɗi ne, na ruwan teku yana da nasa tsarin daban. Kuma daga nesa nake magana, a kan bayaninka kawai. Haki yana iya zuwa daga ƙananan tsutsotsi masu kama gaɓoɓin numfashi, ko daga ciwon fararen ɗigo da za ka ga kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, ko daga feshin maganin sauro ko turaren ɗaki da ya sauka a saman ruwa. Gwajin ne zai raba gardama. Idan ka auna ka ga amoniya ko NO2 sama da sifili, ka kama ɓarawon, ka bi matakan da na zayyana. Idan duka biyun sifili ne kifin kuma bai daina haki ba, ka ƙara iska, ka dube su da kyau a gaban fitila, sannan ka aiko mini da lambobin huɗu, da zafin ruwan, da abin da ka gani a jikinsu da fikafikansu, mu duba ɓangaren cuta.